Mi Kaka Biɗa?

Daga Yamai zuwa Dogon Dutse kimanin kilomita 275 ne, kuma ban san ko sau nawa na bi hanyar nan ba. Birnin Gaure, Doso, Kore Mairuwa, sai ka hango jajayen duwatsu sun tsaya a gabanka, ka san ka shigo Arewa. Amma in za a faɗi gaskiya, shekara da shekaru wucewa kawai nake yi, ban taɓa kallon hanyar ba. Kai a sunkuye kan salula, in amsa wa wannan, in ba wancan haƙuri, in ɗauki alkawarin taron jibi tun ban sauke na jiya ba. Ranar da na fara ɗaga kai na dubi gonakin da ke gudu ta tagar mota, ita ce ranar da aka buga mini da asuba aka ce Kawu ya cika.

Farkon watan Yuli ne. Hatsi bai wuce taƙi ba. Ko'ina ka duba mutane ne a gona, wasu na noman farko, wasu a duƙe suna rage tsiro.

Sau uku a shekarar nan na aika masa cewa ina nan tafe. Sau uku wani abu ya taso a biro wanda a lokacin na ga ba ya ɗaguwa. Yau ko wuƙa za a sa mini a wuya, ba zan iya tuna ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. A wani ƙauye na cikin kwarin dallol, kudu da Dutse, wajen Tibiri, aka yanke masa cibiya, nan kuma aka rufe shi. Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Mutum ne mai taurin kai, mai faɗa a kan iyakar gona, in ya ƙi abu ko hakimi ba ya juya shi. Da ƙuruciya ya yi kokowa har ana jin sunansa a ƙauyukan kewaye. Ya yi cin rani har Kumasi, ya dawo da keke da rediyo da akwatin ƙarfe, 'yan mata suka yi ta leƙe ta darni. Farin 1973 ya cinye masa shanu. Yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ta kwashe abin da ya rage. Tun daga nan bai ƙara fita ba. Gona, rijiya, masallaci, gidajen dangi: iyakar duniyarsa ke nan har shekara kusan 40.

Duk lokacin da na je gaishe shi, da na zauna kan tabarma sai salula ta fara kuka. In tashi in koma gindin bedi in amsa, in dawo, ta sake. Yakan ƙyale ni sai na gama, sannan ya dube ni, da harshen nan namu na Arewa, ya ce, "Wai ɗana, mi kaka biɗa?"

In yi dariya in ce, "Kawu, aiki ne ya yi yawa."

"Na ji aiki. Mi kaka biɗa cikinai?"

Ban taɓa ba shi amsa ba. Na ɗauka irin tambayar nan ce ta tsofaffin da ba su san yadda birni yake ba. A cikin motar nan, tsakanin Doso da Kore Mairuwa, na gane cewa ba raini ne ya hana ni amsawa ba. Amsar ce ba ni da ita.

Mai shuka hatsi a rairayin Arewa ba ƙwaya ɗaya yake jefawa a rami ba. Tsunkulowa yake yi da yatsu, ya zuba, ya take da diddige, don bai san wadda za ta tsira daga iska da ɓera da tsuntsu ba. In ruwa ya zauna, sai ka ga rami guda ya fito da tsiro goma ko fiye, kore shar, gwanin sha'awa. Bayan mako biyu ko uku sai a bi rami-rami a tumɓuke, a bar uku ko huɗu. Ina yaro babu aikin gona da na ƙi jini kamar wannan, kuma ba don ciwon baya ba. Tsiron da ake cirewa ba shi da laifin komai. Ba ciyawa ba ne, ba ƙuduji ba ne, hatsi ne ɗan'uwan wanda aka bari. Wata rana na riƙe wani mai kauri na ce, "Kawu, wannan fa lafiyarsa lau."

Ko waiwayowa bai yi ba. "Lahiyatai lau. Hidda shi. Rami guda ba ya ci da goma. In ka bar su duka, kara za ka samu, ba zangarniya ba."

Ciyawa kowa ya san abokiyar gaba ce, ba a jin zafin nome ta. Mai wuyar shi ne ka sa hannu ka cire mai kyau saboda wanda ya fi shi. In na dubi kwanakina na birni, ban ga haram mai yawa a cikinsu ba, Allah ya kiyaye. Kwamiti kaza, ƙungiyar 'yan gari, ɗan kasuwancin gefe, rukunoni bakwai a WhatsApp da kowanne ke jiran in ce wani abu, rahoton da za a miƙa kafin ƙarshen wata. Kowannensu in ka ɗauke shi shi kaɗai, lafiyarsa lau. Duka na bar su a rami guda, na tsaya ina jin daɗin yadda gonata ta yi kore.

A Yamai akwai wata irin gajiya da muke ado da ita. Iyayenmu in an ce musu "ina gajiya," sai su ce babu gajiya, ko da kuwa daga huɗa suka fito. Mu kuwa "wallahi ba ni da lokacin kaina" ta zama mana kirari, wanda ya fi yawan faɗinta shi ne babban mutum. Ga taron bita a otal mai sanyi, kwana uku, a ba ka jaka da littafin rubutu da kuɗin zama, a tattauna ƙarancin abinci a karkara, a tashi a ci kaji da azahar. Na zauna irinsu ba iyaka. Wasu sun yi amfani, ba na musu. Amma a Arewa ba a tambayar manomi kwana nawa ya yi a gona. Ana tambayarsa dami nawa ya ɗaure, sannan a bi da tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: zai kai ku ina? Zai kai ku bazara, ko kuwa tun sanyi bai fita ba za a fara awo da tiya a kasuwa? Da za a yi wa shekaruna 25 na aiki wannan lissafi, ban san abin da zan nuna ba, ban da gashin da ya yi fari da takardar likita mai cewa jinina ya hau.

Kada wani ya ɗauka wa'azin zaman kashe wando nake yi. Samarin da ke zaune a fada a unguwannin Dutse suna jiran shayi ya yi zagaye uku, yawancinsu ba son ransu ba ne, aikin ne babu. Matar da ta tashi tun assalatu ta yi daka, ta ja guga, ta shiga daji neman itace, ita ba ta da zaɓin rage tsiro. In ta ajiye ɗaya wani zai kwana da yunwa. Haka ɗan kabu-kabu. Haka yaron da ke hawa mota bayan girbi zuwa Sakkwato ko Legas ko Kwatano ko Abijan. Shi ya san abin da yake biɗa: buhu kaza kafin rumbu ya ga ƙasa, kuɗin aure, kwanon ɗakin uwarsa. Tambayar Kawu ba ta ba shi tsoro. Ni take ba tsoro, ni da ire-irena da Allah ya rufa wa asiri, muka ci gaba da gudu bayan abin da ya koro mu ya daɗe da komawa.

Ƙasar nan kuwa ta ga masu sauri.

A farkon 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, ya taso daga bakin kogin Kwara ya nufi tafkin Cadi. Lokacin Turawa na rige-rigen raba ƙasa, kowa na so tutarsa ta riga isa. Garin da ya yi jinkirin ba su hatsi da 'yan dako, wuta. A watan Afrilu suka iso Lugu, Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya, aka gwabza, mutanenta suka janye cikin daji, aka cinna wa garin wuta. A watan Mayu suka yi wa Birnin Konni abin da har yau ba a manta ba. Tsakiyar Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu bindiga. Kaburburansu na Maijirgi, kusa da Tasawa. Babu wanda ya kai shekara 35 a cikin kyaftin biyun, babu wanda ya ga ruwan Cadi. Ba na jin a wannan shekarar akwai wanda ya fi su yawan aiki tsakanin Kwara da Damagaram.

Lugu na nan, ɗan ƙauye a arewa maso gabashin Dutse, kuma sarautar Sarauniya ba ta yanke ba. Amma ita ma Mangu ta tafi. Suna ya rage: Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, aka kalla har ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Arewa ba. Wanda ke cikin ƙasa ba ya jin tafi. Shi ma marubucin hatsarin mota ya ɗauke shi a 1993. Ga Matankari, inda Sarkin Arewa ya zauna aka yi ta kaɗa masa tambari. Turawa suka mai da mulki Dogon Dutse, kwalta ta bi ta can, hayaniya ta bi kwalta.

Shekara 100 cif bayan yaƙin Lugu, a watan Afrilu kuma, sai ga wata gawa an kawo Arewa. Janar Ibrahim Bare Mainasara ya karɓi mulkin Nijar ranar 27 ga Janairu 1996. Ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999 aka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai, yana shirin tafiya, bai cika shekara 50 ba. Aka kawo shi Dumega, garin iyayensa, nan cikin yankin Tibiri, aka rufe shi. Ba shari'ar mulkinsa nake yi ba, wannan ta koma hannun Wanda ya fi mu sani. Allah ya jiƙansa. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne da safiyar ranar akwai jiniya, akwai masu sara masa, akwai wurin da ake jiran isowarsa. Duk wanda ya bi ta Dumega yau zai ga cewa ƙasar da ta rufe shi irin wadda ta rufe Kawu ce, ba a tankaɗe ta daban ba.

Ƙarfi ma haka. Filin kokowa na Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, amma samarin da ke cika shi da ihu yau ba su taɓa ganin kamunsa ba. Kawu bai kai can ba, iyakarsa dandalin ƙauye bayan girbi, amma na ji daga bakin tsaransa cewa yakan ɗaga ƙato sama kamar damin kara. Ganina da shi na ƙarshe, sai da na kama hannunsa ya tashi daga tabarma. Damtsen nan da aka yi wa kirari ya koma kamar igiyar guga da ta sha rani. Ya lura ina kallo, ya yi murmushi ya ce, "Aro na, an amshe."

Masana ƙasa sun ce dallol ɗin nan namu, Dallol Mauri, tsohon kogi ne da ke gangarowa daga arewa ya nufi Kwara wajen Gaya, dubban shekaru da suka wuce. Ka tsaya kan dutse ka dubi faɗin kwarin, za ka san ba ƙaramin ruwa ne ya haƙa shi ba. Kogin ya tafi da rurinsa, ko sunan da mutanen lokacin ke kiransa ba a sani ba. Abin da ya rage shi ne ruwan da ke kwance shiru a ƙarƙashin rairayi, wanda a wurare da yawa ba sai an yi nisa da haƙa ba. Shi ake sha, shi ke raya lambu da rani. Bayan El Buhari Kawu ya haƙa rijiya a ƙarshen gonarsa, bai yi mata shinge ba. Fulani na shayar da garke a nan, matan unguwa na ɗiba, shi kuwa duk shekara kafin zafi ya shiga yakan sa a yashe ta. Na taɓa ba shi shawarar ya riƙa karɓar ko dala biyar-biyar don gyara. Kallon da ya yi mini ya sa ban ƙara ba.

Sau ɗaya na juya masa tambayarsa, cikin wasa. Na ce, "To kai fa Kawu, mi kaka biɗa?"

Bai yi dogon tunani ba, kamar wanda aka tambayi sunansa. "In ci da gidan ga da halal. In kwanta ba haƙƙin kowa bisa kaina. Saura na Allah na."

A lokacin na ga amsar ta yi ƙanƙanta. Yanzu nake ganin ita ce ke yi masa rage tsiro. Da guguwar jam'iyyu ta shigo bayan 1991 aka zo har gida a ba shi shugabancin reshe, ya ce yana da maimai. Da wani ɗan kasuwa ya so ya ba shi kuɗi tun hatsi na tsaye don ya karɓa da arha bayan girbi, ya ƙi, ya gwammace ya sayar da akuya. In an ɗaure dammuna, kafin ko ɗaya ya shiga rumbu sai ya ware na zakka, ɗaya cikin goma, ya aika inda ya san ana bukata, da dare. Ba ya gaggawa, amma ban taɓa ganin ruwan shuka ya sauka ya same shi bai gyara iri ba. Mutanenmu sun ce zafin nema ba ya kawo samu. Na daɗe ina ɗaukar maganar nan ta malalata ce. Ashe ta waɗanda suka san abin da suke nema ce.

Malaminmu na zaure da niyya ya fara mana karatu, tun ba mu san tsarki da kyau ba. Ya kuma gaya mana cewa akwai ranar da za a tsai da mutum a tambaye shi rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, ƙuruciyarsa ina ya kai ta, dukiyarsa ta ina ta shigo, ta ina ta fita. Mun haddace muka wuce, kamar yadda yara ke yi. Ga shi nan ita ce tambayar da wani tsoho da bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba ya yi ta yi mini a kan tabarma, cikin taushi, tun ana iya gyarawa. A can ba za a yi ta da murmushi ba, kuma "aiki ne ya yi yawa" ba za ta karɓu ba.

Manomi ya fi mu sa'a ta fuska guda. Ya san tsawon daminarsa. In watan bakwai na manoma ya kama ya fara duban gabas, ya san daga shuka zuwa girbin gero wajen kwana 90 ne, ya san in Satumba ta fita sama za ta ɗauke. Saboda haka ba ya ɓata safiyar da ƙasa ke da laima. Ni ba a gaya mini tsawon tawa ba. Ban san ko ina noman farko ba ne, ko maimai, ko kuwa tuni an wasa wuƙar girbi. Abin da na sani, ƙuruciya ta wuce ban ji fitarta ba. Abokan da muka shiga lakwal tare, in na ƙirga, waɗanda ke ƙasa sun fara yawa. Kuɗin da na tara wani zai ƙirga su, ya raba, wataƙila a yi faɗa. Kujerata ta biro ba za ta yi mako guda babu kowa a kai ba.

Sai bayan la'asar na isa. An rufe shi tun hantsi; gawa ba ta jiran mota.

Na durƙusa gaban Inna, matarsa, na kasa haɗa kalmomin ta'aziyya. Ita ce ma ta riga ni. Ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. A ba shi ruwa." Ba ta ce ya yi ta cigiyata ba. Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Babban ɗansa ya raka ni maƙabarta. Tana bayan gari, ba katanga, sai 'yan ƙayoyi da aka jera saboda dabbobi. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Muka yi addu'a, muka shafa. A gefe na ga karan da aka auna tsawonsa da shi kafin a haƙa, an yar da shi nan. Karan bara ne, busasshe, mara nauyi. Na ɗauka na tsai da shi kusa da ni. Ya zarce ni da kaɗan. Kawu dogo ne.

Na daɗe riƙe da shi. Iska ta taso daga gabas, mai ƙanshin ruwa. Wani wuri can nesa ana jan guga.

A hanyar komawa muka ratsa ta gonarsa. Ɗan nasa ya nuna mini inda Kawu ya tsaya shekaranjiya. Ƙafa ta daina ɗaukarsa, don haka a zaune yake bin ramukan, yana ja da baya kaɗan-kaɗan. Ga shaidar zamansa a rairayi. Ga tsiron da ya cire, sun yi yaushi a tsakanin layuka. Daga nan zuwa gindin gawo an rage, uku-uku, huɗu-huɗu. Daga gawo zuwa rijiya kuwa kowane rami cunkushe yake, kore shar.

Ya ce gobe da sassafe za su ƙarasa, kafin ƙasa ta sha iska.

Na ce a tashe ni.